Magani Ne Ko Atamfa?

Akwai tambayoyin da mara lafiya ke jin nauyin yi, don tsoron kada a ce ya raina alherin da aka yi masa. Ɗaya daga cikinsu ita ce: "Babu wani launin?" In a kantin yadi ka yi ta, mai kanti murna zai yi, ya sauko maka da bandir goma ka zaɓa. In kuwa a kan abin da ke riƙe da ranka ka yi ta, nan take fuskoki za su canza. Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, kuma iya juyawata ban same ta ƙarama kamar yadda take a ido ba.

Abin da nake magana a kansa shi ne alƙalamin insulin, wanda masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura da shi. A nan Yawunde masu kantin magani da sunan Faransanci suke kiransa, sitilo, mu kuwa mukan ce biro ko bik. Ga wanda bai taɓa gani ba, kamanninsa na alƙalami ne mai ɗan kauri. A cikinsa akwai siririyar kwalba mai ɗaukar mililita 3, wato yunit 300 na magani. A baki ana ɗaura masa ƙaramar allura, a gindi kuma akwai abin murzawa da ke yin ƙas-ƙas, kowane ƙas awo ne, sai ka danna. Kamfanin Novo na ƙasar Denmak ne ya fara fito da shi a 1985, da sunan NovoPen. Kafin nan kwalba ce da sirinji, kuma har gobe su ne a hannun mafi yawan mutanenmu, domin sun fi araha. Alƙalamin iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa cike, in ya ƙare a jefar. Akwai na ƙarfe mai daɗewa, wanda ake canza masa kwalba kamar yadda ake canza wa biro bututun tawada. A riƙe wannan bambanci, zai yi mana amfani nan gaba.

Ni a Etudi nake zaune, can arewacin gari, inda fadar shugaban ƙasa da kasuwar shanu da mahauta suke maƙwabtaka, amma a Briqueterie aka haife ni, unguwar da muke ce wa Birik, kuma can dangina suke. 'Yar yayana tana da shekara goma sha biyar, tun tana da tara take kan insulin. Kawunta da ke zaune a Faransa ya bugo waya wata rana ya ce zai aiko mata da alƙalami irin na ƙarfe, ta huta da sirinji. Yarinya ta karɓi waya, ta gaishe shi, ta yi godiya, sannan a hankali ta ce, "Kawu, in akwai ja, ja nake so." Mahaifinta bai bari an kashe waya ba ya ce, "Ke! Magani ne ko atamfa?"

Yayana ba mugun uba ba ne, kuma maganarsa tana da nauyi. Shi ne ya san abin da kwalba ɗaya ke ci a aljihu. Shi ne ke zagaya kantunan magani daga Mokolo zuwa tsakiyar gari in an ce babu. Ya san cewa kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, ko da bai san sunayensu ba ya san tasirin hakan a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2021, shekarar da insulin ya cika shekara ɗari da ganowa, cewa kusan rabin masu ciwon sukari nau'i na biyu da ke buƙatarsa ba sa samu. Mutumin da ya tashi a cikin wannan hali, in ya ji ana maganar ja da shuɗi, dole kunnensa ya yi masa zafi. Da babu gara ba daɗi, haka aka rene mu, kuma karin maganar ta raya gidaje da yawa.

Sai dai launi a wannan fage ya riga kwalliya zuwa. Aikinsa na farko tsaron rai ne.

Insulin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai saurin aiki, wanda ake yi dab da cin abinci domin ya tare sukarin da zai hau. Akwai mai jinkiri, wanda ke bin jiki a hankali tsawon yini ko dare. Akwai gauraye. Mutum ɗaya yakan riƙe biyu, kuma in ya musanya su, musamman in ya yi mai sauri da yawan awon mai jinkiri ya kwanta barci, sukarinsa zai faɗi ƙasa warwas, gumi ya keto, jiki ya ɗauki rawa, hankali ya gushe, wani lokaci har a rasa rai. A da ido kaɗai ya isa ya raba su. Mai sauri garau yake kamar ruwa, mai jinkiri irin NPH kuwa fari-fari ne kamar tsinkakken nono, sai an jujjuya shi a tafin hannu kafin a ja. Da aka shiga shekara ta 2000 aka fito da glargine, mai jinkiri ne amma garau, sai waccan tsohuwar alama ta daina wadatarwa. Saura me? Rubutu da launi.

Rubutun da Faransanci yake ko Ingilishi, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero. Launin kuwa kowa na iya karanta shi. Shi ya sa aka yi yarjejeniya a kan tsofaffin nau'o'in insulin, kowane da alamarsa: mai sauri rawaya, NPH kore, gaurayen talatin da saba'in ruwan ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe Actrapid da Insulatard da Mixtard 30 ya ga waɗannan launuka uku a jikin kwali. Hatta sirinji yana da nasa: mai jan murfi na insulin ne mai ƙarfin yunit 40 a mililita, mai murfi ruwan goro na mai yunit 100. In aka ja mai ƙarfin 100 da sirinjin 40, an yi wa mutum ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Sababbin nau'o'in kuma kowane kamfani da tsarinsa. Alƙalamin Lantus ruwan toka ne da madanni shunayya, na Apidra shuɗi. NovoRapid alamarsa ruwan goro, Levemir kore.

Akwai wani dattijo a kasuwar shanu ta Etudi, dillali ne tun ina yaro. Alƙur'ani yana kansa, yana rubuta lissafinsa da ajami, shanu ɗari in sun wuce gabansa zai gaya maka na wane ne da na wane daga tambarin da ke cinyarsu. Boko ne bai yi ba. Ɗansa ya kawo masa alƙalami biyu daga waje, jikinsu launi ɗaya, bambancin ɗan zobe ne kawai da madanni. Wani dare aka ɗauke wuta, ya lalubo ɗaya a aljihun riga ya yi. Allah ya sa uwargidansa ba ta yi nisa da barci ba, ta ji numfashinsa ya canza, ta taɓa shi ta ji jiƙe sharkaf, kuma yana iya haɗiya, ta dama sukari ta ba shi kafin a nemo mota. Da na je gaishe shi na ce, "Baba Alhaji, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Amma wanda ya ƙera abin nan bai taɓa zama cikin duhu ba."

Ina ganin wannan ita ce magana mafi daidai da na taɓa ji a kan ƙirar kayan asibiti. Mai ƙira yana zaune a ɗaki mai haske, idonsa lafiya, harshen da ke jikin kwali harshen uwarsa ne. Mai amfani kuwa sau da yawa ya manyanta, kuma ciwon da kansa yana cin ido. Sukari in ya daɗe yana lalata jijiyoyin bayan ido, kuma daga cikin abin da kan fara raunana har da iya rarrabe launi, musamman ɓangaren shuɗi da rawaya. Wato wanda ya fi kowa buƙatar alamar shi ne ya fi kusa da rasa ta. Ga kuma waɗanda aka haifa ba sa raba ja da kore, yawancinsu maza. Don haka launi shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da abin da yatsa zai ji da ƙarar da kunne zai ƙirga. Amma in an cire launin, an cire wa irin su Alhaji rubutu ɗaya tilo da aka yi da harshensu.

A nan ne maganar zaɓi ta fara rikicewa. In launi harshe ne da kowa ya yarda da shi, to ba na mutum ɗaya ba ne da zai canza yadda ya ga dama. Fitilar kan titi ba a tambayar direba wane launi ya fi so. Ranar da aka ce kowa ya zaɓi launin da za a shafa wa insulin mai sauri, ranar ma'aikaciyar jinya za ta daina gane abin da ke hannun mara lafiya daga nesa, maƙwabcin da ya zo taimako ma haka. Saboda haka alƙalamin da ke zuwa cike, launinsa na maganin ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a ba kowa zaɓi a kansa ba. Na ƙarfen nan mai daɗewa shi ne na mai shi, domin fanko yake zuwa, kwalbar da aka zura masa ita ke ɗauke da alamar magani. Shi ne kamfanoni ke yi launi-launi. NovoPen Echo, wanda aka yi domin yara, mai iya ba da rabin yunit kuma yana tuna awon ƙarshe da sa'o'in da suka wuce, ja ne da shuɗi. HumaPen Savvio na Eli Lilly ya fito da launuka har shida. Kuma masu jinya da kansu sukan ba da shawarar mai insulin iri biyu ya riƙe alƙalami biyu masu launi daban, wannan na rana, wancan na dare.

Da wannan hujja kaɗai zan iya rufe bakin yayana. In ce masa, Yaya, jan nan da ta roƙa kariya ce, in na abinci ja ne na dare shuɗi, ba za ta yi irin ta Alhaji ba. Zai yarda, domin mutum ne mai hankali. Amma ban so in kare ta da wannan ba, saboda ba dalilinta ke nan ba. Ta ce ja ne don ja ya yi mata kyau. In har sai mun nemo wa sha'awarta wani amfani kafin mu halatta ta, to mun yarda ke nan da cewa sha'awar mara lafiya ita kaɗai ba ta da daraja. Wannan ne ban yarda da shi ba.

A yi lissafi. Yaron da ke allura sau huɗu a rana, a shekara ya yi 1,460. Daga shekara tara zuwa goma sha biyar an haura dubu takwas. Babu hutun Salla, babu na ƙarshen mako, babu ranar da za a ce yau kin yi ƙoƙari, ki huta. Abin nan yana tare da ita a aji, a gidan biki, a motar zuwa Gaundare, a ƙarƙashin matashi. Ban san wani abu da ɗan Adam ke riƙewa haka kullum ya bar shi ba ado ba. Makiyayi yana ƙona wa sandarsa zane. Matan da ke tallar nono a ƙwarya sassaƙaƙƙiya suke zubawa, alhali nonon ba ya ƙara zaƙi. Mai babur ɗin haya a Yawunde, wanda bai gama biyan kuɗin babur ba, ya riga ya liƙa masa hotuna da fitilu. Mu kuma 'yan Birik, da wane baki za mu ce launi ba komai ba ne? Unguwar da rabin arzikinta yadi ne da ɗinki, inda magidanci mai furfura zai ɓata sa'a guda a shagon tela yana gwada zare a kan shadda, wannan ya yi duhu, wancan ya yi ihu. Yayan nawa da kansa ya taɓa mayar da hula saboda aikinta bai hau da rigar ba. Mutanen da kakanninsu suka yi suna daga Kano har hamada a kan rinin baba ba za su koya wa 'ya'yansu cewa ido ba shi da haƙƙi ba.

Tabarau ma kayan asibiti ne. Likita ke aunawa, shi ke rubutawa. Amma ba wanda ke jin haushi in ka tsaya gaban madubi kana gwada wannan da wancan. Mun yarda cewa abin da zai zauna a fuskarka naka ne. To me ya sa insulin ya bambanta? Ina zaton dalilin shi ne a zuciyarmu akwai siffar da muke so mara lafiya ya ɗauka. Muna so ya sunkuyar da kai, ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a. Wannan siffa tana sanyaya zuciyar mai bayarwa. In ya ɗago kai ya ce "wancan na fi so", sai mu ji kamar ya fita daga matsayinsa, kamar ya manta cewa taimakonsa ake yi. Alhali godiya da zaɓi ba kishiyoyi ba ne. Yarinyar ta yi godiya kafin ta roƙa, na ji da kunnena. Abin da ya ɓata wa babanta rai shi ne ta yi magana kamar mai lafiya.

Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan wuri: sutura. Sutura tufafi ce, kuma rufin asiri ce. In muka ce Allah ya suturta bawansa, ba riga kawai muke nufi ba. Wanda ya fara ba wa abin allura kamannin alƙalami, sutura ya ɗinka wa ciwo, ko ya sani ko bai sani ba. Sirinji yana da mummunan suna a unguwa. Saurayin da aka gani da shi a aljihu, kafin ya buɗe baki an riga an ce ɗan ƙwaya ne. Budurwar da aka gani tana jan magani daga kwalba a gidan suna, kafin magariba labari ya kai gidan da ke neman aurenta. Alƙalami ruwan toka kuwa yana zama a aljihun gaba tare da biro, ba wanda zai waiwaya. Na san wani matashi mai gasa tsire, irin wanda duk Yawunde ke tururuwa zuwa Birik domin shi da dare, wanda ya ce shi ko kyauta aka ba shi mai launi ba ya so. Baƙi ko ruwan toka, yadda zai juya baya ya ɗaga riga ya yi abinsa, masu saye ba su lura ba. Yana tsoron a ce mai ciwo ne ke taɓa naman.

Ga mutum biyu, ciwo ɗaya, buƙata ta saɓa. Shi yana son abin da zai ɓace a ido, ita tana son abin da ido zai gani. Ba zan ce ɗaya ya fi ɗaya jarumta ba. Akwai wata sabuwar ɗabi'a, mafi yawa daga intanet take zuwa, da ke cewa duk mai ɓoye ciwonsa kunya ce ta ci shi, a fito a nuna. Masu faɗar haka ba su ne za su rasa masu sayen tsire ba. Asirin jikin mutum nasa ne, shi ke da ikon buɗewa ga wanda ya so. Iyakar abin da zan ƙara shi ne rufin asirin da ya kai ga ba kowa a kusa da ya sani, ya zama tarko. Wanda sukarinsa ya faɗi yakan yi magana ba kan gado, ya yi tangaɗi, ya yi faɗa. In ba a sani ba, wani zai ce maye ne, wata ta ce iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya alhali ƙwayar sukari uku ake nema. Na gaya wa mai tsiren, ya riƙe baƙin alƙalaminsa, amma yaron da ke yanka masa albasa ya san inda sukari yake.

Ja kuma, a hannun yarinya mai shekara goma sha biyar, wata magana ce. Shekara shida tana shiga banɗakin makaranta ta yi allura a tsaye, a wurin da bai kamata a buɗe allura ba. Mai neman jan alƙalami ta gaji da banɗaki. Haka na fassara shi.

Duk da haka akwai wani ɓangare na fushin yayana da ba zan iya turewa ba, ko da shi bai faɗe shi haka ba. Launi hanya ce mai araha ta sayar da abu mai tsada. Fenti ba ya cin komai a kan kuɗin ƙira, amma yana ɗaure mai saye, domin alƙalamin kowane kamfani da kwalbar kamfanin aka yi shi ya yi aiki. Ka so jan, ka auri kwalbarsa. Kuma zaɓin ba a raba shi daidai a duniya ba. A 2024 Afirka ta Kudu ta shiga ƙarancin alƙalamin insulin bayan Novo Nordisk bai sabunta kwangilar kawo shi ga asibitocin gwamnati ba, aka mayar da mutane da yawa kan kwalba da sirinji, har da tsofaffin da idonsu ya raunana, waɗanda da ƙas-ƙas ɗin nan suke ƙirga awonsu. Kamfanin ya ce ƙarfin masana'antarsa ne bai kai ba, kuma ya bayyana cewa zai daina zuba tsohon nau'in insulin a alƙalami sannu a hankali. Ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu suka ce ai ga inda ƙarfin ya tafi: Ozempic da Wegovy, magungunan da masu kuɗi ke rububi don rage ƙiba, su ma a irin wannan alƙalami ake zuba su. Wato a wani gefen duniya ana tambayar mutum ruwan hoda yake so ko kore, a wani gefen ana karɓe alƙalamin gaba ɗaya. In ka tuna cewa Frederick Banting da Charles Best sun gano maganin nan a Toronto a 1921, aka fara ceto wani yaro da shi a Janairun 1922, sannan aka miƙa wa jami'ar haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya-ɗaya don kada ya zama hajar 'yan kasuwa, sai abin ya ƙara ɗaci.

Kamaru ba baƙuwa ba ce a wannan gwagwarmaya. Farfesa Jean Claude Mbanya, ɗan ƙasar nan, ya karɓi shugabancin Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya a 2009. Ƙasar tana cikin na farko da aka fara shirin Changing Diabetes in Children, mai ba yara insulin kyauta, kuma don a yi adalci, kamfanin Novo Nordisk ɗin nan ne ya kafa shi. Ita ma ƙungiyar ta duniya, da ta tashi neman Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar 14 ga Nuwamba a 2006, launi ta nema ya yi mata magana, shuɗin zobe. Manyan likitoci sun san ido ake fara kamawa kafin zuciya. Yarinya ce kawai in ta sani ake ce mata ta cika son kwalliya.

To wanne ke gaba, a samu maganin ko a samu launin? Amsar ba ta da wuya, magani ne. Da za a ce in zaɓa tsakanin jan alƙalami ga 'yar yayana da kwalba ɗaya ga wani yaro a Marwa ko Kuseri, inda zafi kan sa uwa ta binne maganin a gindin randa domin babu firji, ba zan yi dogon tunani ba. Amma ba wanda ya taɓa kawo mini wannan zaɓi. Jan da shuɗin kuɗinsu ɗaya, kawunta zai saya ko ta yi magana ko ta yi shiru. Shirunta ba zai kai wa yaron Marwa komai ba. Abin da nake tsoro a cikin tsarin "a fara da na dole" shi ne na dole ba ya ƙarewa a gidan talaka. In sai ya gama da dole zai waiwayi abin da ransa ke so, to har ya mutu bai waiwaya ba. Matar da ke suyar ƙosai a bakin masallaci ba ta jira ta yi arziki ba kafin ta ƙunsa lalle, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta yi almubazzaranci ba.

Jan ya iso. Takan yi wata biyu ko uku tana amfani da shi, kwalaben su ƙare, a nema a gari a rasa ko a samu da tsadar da ba za a iya ba, ta koma kan sirinji har wani ya taho daga Faransa. Babanta bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Mutanenmu dai ba su zauna jiran kamfani ba. Akwai telolin Birik da suka gane cewa ragowar ƙyallen shadda da atamfa yana isa a ɗinka 'yar jaka mai aljihu biyu, ɗaya na magani, ɗaya na sukari da auduga. Wata mata ta ɗiga jan farce a murfin na rana. Wannan yana da haɗari, domin murfi yana iya komawa kan wani alƙalamin, gara a sa alamar a jiki, kuma kada ta rufe sunan maganin ko tagar da ake ganin awo. Alhaji na kasuwar shanu ya fi kowa dabara. Ya sa jikarsa ta naɗa wa mai saurin zaren aikin hula, ja, kauri uku, ta ƙulle shi tam a tsakiya yadda yatsa zai ci karo da shi ko a cikin duhu. Na daren bai sa masa komai ba. Na tambaye shi me ya sa ja, tunda a duhu ba ganinsa zai yi ba, da kowane zare ma ya yi. Ya ce da rana ai yana gani.